Koyon Sana'a da Fasaha a Wajen Makaranta: Tarihin Abin a Jamhuriyar Nijar

A ƙasar Hausa ta dā, yaro ba ya zaɓar sana'a, tarar da ita yake yi a gida. Ɗan maƙeri yana fara wa ubansa zuga tun bai iya ɗaga masaba ba, ɗan wanzami yana rataye zabira yana bin uba gida-gida, ɗan makaɗi kuwa yana amshi kafin a ba shi kalangu. Kowace sana'a da shugabanta: sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin fawa, sarkin makaɗa. Shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne akwai sana'o'in da ƙofarsu take a buɗe, kamar ɗinki da kasuwanci, inda uba kan kai ɗansa wurin wani gwani ya ce ga amana. Amma ƙira da kiɗa da fawa sun fi bin jini, kuma a wajen Zabarmawa da Buzaye ƙa'idar ta fi haka tsanani. Ɗan babban gida da ya ɗauki gurmi, ba shi kaɗai ya ji kunya ba, har danginsa.

Wannan takarda ta duba yadda aka samu wuraren da mutum, yaro ne ko babba, zai je ya koyi abin da bai gada ba, kuma ba a cikin ajin boko ba.

Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, yara ƙalilan ne ke zuwa makarantar boko, wadda mutanen ƙasar ke kira lakwal. Karatun da Faransanci ake yin sa, kuma manufarsa samar da ma'aikatan ofis. Wanda bai shiga ba, ko ya shiga aka kore shi, ba shi da wata hanya sai gona ko sana'ar gidansu. Wannan giɓi shi ne sabbin wuraren koyo suka yi ƙoƙarin cikewa.

Na farkonsu a wurin da ba a zata ba ya ɓullo, wato gidan tarihi. A 1959 aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, da ƙoƙarin Bubu Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokoki, da wani Bature mai suna Pablo Toucet wanda ya fara shugabantar gidan. Ba su tsaya ga jera kayan dā a cikin gilashi ba. Sun kawo maƙeran farfaru da dukawa da masaƙa da magina tukwane, suka ba su rumfuna a cikin harabar, suna aiki jama'a na kallo suna saye. Naƙasassu ma sun sami wurin aikin hannu. Daga baya aka ƙara wata cibiya domin yaran da makaranta ta zubar, ana koya musu ɗinki da kafinta da walda da aikin lantarki. Yawancin masu ziyara kura da zaki suke zuwa gani, da ƙasusuwan dabbobin zamanin dā da aka haƙo a hamada, amma babban abin da gidan ya yi shi ne ya fito da asirin sana'a fili. Abin da ake yi a zauren gida, ba mai gani sai ɗa da bara, ya koma abin da kowane yaron Yamai zai tsaya ya ƙura wa ido.

Wuri na biyu shi ne cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar, wadda aka kafa a Yamai a 1963. Akwai ɗakin karatu da dandalin wasa, akwai kuma ƙungiyoyin masu sha'awar abu iri-iri. A ɗaya daga cikinsu, ta masu sha'awar ɗaukar fim, Umaru Ganda ya koyi aikin kyamara. Tarihin mutumin nan ya isa misali. An haife shi a Yamai a 1935, ya yi aikin soja a rundunar Faransa a yaƙin Indocin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Jean Rouch ya sa shi a fim a ƙarshen shekarun 1950. Da ya komo gida, ba wata jami'a da ya shiga. Ƙungiyar nan ce makarantarsa. A 1972 fim ɗinsa a kan auren mace fiye da ɗaya ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu, kuma shi ne mutum na farko da aka ba wannan kyauta.

A shekarun nan ne kuma aka fara yaƙi da jahilci cikin harsunan gida, har aka riƙa buga 'yan jaridu da Hausa domin sabbin masu karatu. Wannan babi ne mai zaman kansa.

Abin ya bazu ko'ina ne bayan da Saini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatin soja ta hana jam'iyyu, tana kuwa bukatar hanyar kai wa ga talakawa. Sai ta ɗauko samariya, wato tsohuwar ƙungiyar matasan gari da ke ƙarƙashin sarkin samari, wadda aka sani da gayya da wasannin dandali, ta mayar da ita tsari na ƙasa baki ɗaya, tun daga unguwa har fadar gwamnati. 'Yan samariya sun gina ajujuwa, sun dasa itatuwa, sun share tituna. Da yamma kuwa sai a taru a gidan samariya ko gidan matasa ana koyon rawa da waƙa da wasan kwaikwayo. Daga 1976 aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, yana zagaya manyan garuruwa, kowace jiha tana kawo 'yan wasanta a yi gasa. Wanda yake son jiharsa ta yi nasara ba ya tambayar asalin mai murya. Ta haka 'ya'yan malamai da na attajirai da na sarakuna suka hau dandali, wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa a Damagaram da Maradi da Yamai, mutane irin su Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, suka yi suna a rediyo da talabijin.

Mata ma an yi musu nasu tanadi. A 1975 aka kafa ƙungiyar matan Nijar, aka yawaita gidajen koyar da mata ɗinkin keke da saƙa da kwalliyar zane da kula da yara. Ana iya sukar waɗannan gidaje da cewa ba su fitar da mace daga aikin cikin gida ba. Sukar tana da tushe. Sai dai matar da ta iya keke tana da kuɗin kanta, ko da ba ta fita ƙofar gida ba, kuma maigida da ba zai yarda ta je ofis ba yakan yarda ta je koyon ɗinki.

Bai kamata a ɓoye ɗaya fuskar ba. Samariya ta koyar, amma kuma ido ce da kunne na hukuma. Wasannin da ake nunawa sukan zagi malalaci da mai cin hanci da mai gudun ƙauye, ba sa taɓa mai mulki. Kuɗin tafiyar da ita kuwa daga arzikin yuraniyom na Arlit yake, kuma farashinsa ya faɗi tun farkon shekarun 1980.

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. A 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, aka sa mata sunan Alhaji Taya. A nan aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilu dabam-dabam, ana koya wa duk mai so, kuma a nan ƙungiyar Mamar Kasai ta samo asali a 1995. Malam Mamman Barka, wanda ya fara da aikin koyarwa kafin gurmi ya fito da shi, ya yi aiki da cibiyar. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna wurin wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, a lokacin da masu iya kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Barka ba Buduma ba ne, Tubu ne daga yankin Taskar. Da an bi tsohuwar ƙa'idar gado, da biram ya bi tsohon nan kabari.

Taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, samariya kuwa ta watse saboda ana ganin ta a matsayin 'yar amshin shatan tsohuwar gwamnati. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, albashi ya riƙa makara, gidajen matasa da yawa suka koma wurin taron siyasa da bikin aure. Samari suka koma fada, wato zaman shayi a bakin titi. Koyar da sana'a ya koma hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu da masu ba da agaji, waɗanda sukan ba da horon 'yan watanni da keken ɗinki, aikin ya tsaya ranar da kuɗinsu ya ƙare. Daga baya gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa da dama, amma waɗannan sun fi kama da makaranta, da rajista da takardar shaida, ba wurin da magidanci zai leƙa da yamma don sha'awa ba.

Cibiyar al'adu ta Yamai, inda Ganda ya koyi kyamara, ta daɗe tana ɗauke da sunan Jean Rouch. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka da Faransa ta lalace, haɗin gwiwar ya ƙare. A Oktoba 2024 hukumomi suka sauya mata suna zuwa na Mustafa Alhasan, wanda ya fara da aikin kanikanci, ya koyi fim a hannun Rouch, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim na zane mai motsi a Afirka.