Ficewar Mali Daga Ƙungiyar Kuɗin Sefa da Komawarta, 1962-1984

Maƙasudinmu a nan shi ne mu duba abin da ya sami Mali bayan ta bar kuɗin sefa. A watan Yuli na 1962 Shugaba Modibo Keita ya buga wa ƙasarsa kuɗinta, yana ganin mulkin kai bai cika ba muddin akalar kuɗi tana hannun Faransa. 'Yan kasuwar Bamako suka yi bore, domin sabon kuɗin ba ya canzuwa a ƙetare. Kaya suka yi tsada, har a 1967 aka rage darajarsa da rabi. A 1984 Mali ta koma ƙungiyar, ana ba da faran biyu nata a karɓi sefa ɗaya. A ganinmu, darajar kuɗi tana ga abin da ƙasa ke sayarwa waje.