Dokar Romaniya ta 1966 da Rayukan Mata

A shekarar 1966 gwamnatin Chaushesku ta ƙasar Romaniya ta kafa doka mai lamba 770, wadda ta hana zubar da ciki domin jama'a su yawaita. A 1967 haihuwa ta kusan ninkawa, sa'an nan ta soma raguwa, gama matan da talauci ya matsa sun koma hannun waɗanda ba su koyi aikin likita ba. Abin da ya biyo baya shi ne zubar jini da ruɓewar mahaifa, tsoron hukuma kuwa ya hana da yawansu zuwa asibiti da wuri. Kafin a soke dokar a Disamba 1989, an ƙiyasta mata wajen 10,000 sun rasu ta wannan hanya. A 1990 mutuwar mata sanadin ciki ta ragu da kusan rabi.