Mashigin Wash: zangon tsuntsaye masu ƙaura a gabashin Ingila

A kowace shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, wato lokacin kaka a Turai, dubban ɗaruruwan tsuntsaye ne kan sauka a mashigin tekun Wash da ke gabashin Ingila. Su kuwa masu sha'awar kallon tsuntsaye kan yi sammako su je bakin gaɓa da madubin hangen nesa, wasu don nishaɗi, wasu don ƙidaya.

Inda Wash yake

Wash wani makeken lungu ne na Tekun Arewa, tsakanin gundumomin Norfolk da Lincolnshire. Koguna huɗu ne ke zuba cikinsa: Witham, da Welland, da Nene, da Great Ouse.

Faɗin yankin da aka keɓe ya kai kimanin hekta 62,000. A 1988 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Ramsar na Iran a 1971.

Sau biyu a yini teku kan janye, ya bar fili na taɓo da yashi iya ganin ido. A cikin wannan taɓo akwai tsutsotsi da ƙananan halittu masu ɓawo, dangin dodon koɗi. Su ne abincin da ke riƙe tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a lokacin hunturu, adadin da babu wani mashigin teku a Birtaniya da ya kai shi.

Baƙin kaka

Mafi yawa a cikin baƙin shi ne wani ɗan tsuntsu mai launin toka da ake kira knot, wanda bai kai kurciya girma ba. Yana ƙyanƙyasa ne a Girinlan da arewacin Kanada, sannan ya ƙetaro tekun Atlantika idan sanyi ya gabato.

Akwai kuma dinya mai jan ƙafa, wadda ke fara isowa daga Aislan da Girinlan a watan Satumba. Takan kwana a kan taɓo, inda dila ba ya iya cim mata da sauƙi, da asuba kuma ta tashi garke-garke zuwa gonaki don kalar abin da ya saura bayan girbi. Wata baƙar dinyar kuma daga Saberiya take zuwa.

Shaho kan biyo waɗannan garkuna yana farauta.

Lokacin kallo

Wurin da ya fi suna shi ne Snettisham, gandun da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da shi. An kafa ƙungiyar a 1889, kuma mambobinta sun haura miliyan ɗaya.

Kallon ya dogara ne ga wata. Teku ya fi cikowa a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma tsakiyarsa, musamman a Satumba da Oktoba. Idan ruwa ya shafe taɓon baki ɗaya, tsuntsayen kan rasa wurin tsayawa, sai su tashi a lokaci guda, suna murɗawa a sama kamar hayaƙi, kafin su sauka a wasu tsofaffin kududdufai da ke bayan gaɓa. A watan Oktoban 2020 an ƙidaya knot kimanin 140,000 a wurin.

Ana buƙatar masu kallo su tsaya a kan hanyoyin da aka shata, su kuma ɗaure karnukansu. Dalili shi ne, duk lokacin da aka firgita tsuntsu ya tashi, yana ƙona kitsen da zai yi tafiya ko ya jure sanyi da shi.

Sauran namun daji

A kan tsibiran yashi ana ganin wata dabbar teku mai shayarwa da ake kira seal, wadda ta ɗan yi kama da ayu. Wash ne ke da garke mafi girma a Ingila na ƙaramin nau'inta, wanda ke haihuwa a Yuni da Yuli. A 1988 wata annoba ta kashe kusan rabinsu.

Babban nau'in kuwa daga Nuwamba yake fara haihuwa. Dubban 'ya'ya masu farin gashi ake haifa kowace shekara a Blakeney Point da Donna Nook, waɗanda ke kusa da mashigin.

Amfanin ƙidaya

Masu aikin sa kai kan ƙidaya tsuntsayen ruwa sau ɗaya a wata a duk faɗin Birtaniya. A Wash kuma, tun 1959 wata ƙungiyar masu bincike ke kama tsuntsaye tana sa musu zobe mai lamba a ƙafa, sannan ta sake su.

Ta haka aka san hanyoyinsu da tsawon ransu. A 2010 an sake kama wani tsuntsu mai dogon jan baki, oystercatcher, wanda aka sa wa zobe yana ɗan tsako a 1970, wato shekara 40 ke nan.

Ƙidayar ce kuma ta nuna yadda dubban irin wannan tsuntsu suka mutu da yunwa a shekarun 1990, bayan da halittu masu ɓawo suka yi ƙaranci. Daga baya an tsaurara ƙa'idojin kamun su.

Alaƙa da Afirka ta Yamma

Ga wasu tsuntsayen, Wash zango ne kawai. Sukan yi 'yan makonni suna tara kitse, sannan su bi gaɓar Atlantika zuwa kudu. A Banc d'Arguin da ke Muritaniya kaɗai, kimanin miliyan biyu ne ke yin hunturu, wasu kuma su zarce tsibiran Bijagos na Gini Bisau.

Wata hanyar ta daban tana ratsa Sahara ne. Ita ce ke kawo agwagin ruwa daga Turai da yammacin Asiya zuwa tafkin Chadi da fadamar Hadejiya da Nguru. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin jerin Ramsar, a 2000. Sai dai madatsun ruwa na Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke raya fadamar, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin da ya shafi tsuntsaye da masunta da manoma baki ɗaya.

Barazana

Babban abin da masana ke fargaba a Wash shi ne ƙaruwar tsayin teku. Ganuwar da ke kare gonaki da garuruwa tana hana taɓon matsawa cikin tudu, don haka ruwa na iya cinye shi sannu a hankali. A 1953 ambaliyar teku ta kashe mutane fiye da 300 a gabashin Ingila, ta Disambar 2013 kuma ta lalata rumfunan kallo a Snettisham.

A 2022 wani kamfani ya gabatar da shirin gina madatsa a bakin mashigin, tare da tashar jiragen ruwa da wurin samar da lantarki. Kamfanin ya ce hakan zai kare jama'a daga ambaliya. Ƙungiyoyin kare muhalli kuwa sun ce zai sauya yadda teku ke cikowa da janyewa, wanda shi ne tushen abincin tsuntsayen.

A 2023 gwamnatin Birtaniya ta sa dausayin gabashin Ingila, har da Wash, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gado na duniya.

Masu nazari na cewa kariyar ƙasa ɗaya ba ta wadatar da tsuntsu mai ƙaura. Idan zango ɗaya ya lalace, ko a Ingila ko a Muritaniya, za a ga giɓin a ƙidayar sauran zangunan.