Azarar da Ake Shimfiɗa wa Guringuntsi

A Kausani na fara ganin ɗori ina yaro: maɗori ya ja ƙafa, ya jera karare, ya ɗaure, bayan 'yan makonni mai karaya ya miƙe. Ƙashi yana da jini, shi ya sa yake haɗewa. Sai da na shiga aikin tiyatar ƙashi na gane cewa farin guringuntsin da ke lulluɓe da kan gaɓa ba haka yake ba. Babu jijiyar jini a cikinsa. In ya ɓantare, ramin yana nan. Tun 1743 William Hunter ya rubuta haka a Landan, aka shekara ɗari biyu ba a sami mai ƙaryata shi ba.

A 1959, shekarar da aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala, likita Pridie a Ingila ya kawo dabarar huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin, don jini da ɓargo su tsattsafo su cike shi. Steadman na Amurka ya gyara ta a shekarun 1980 da ƙananan huji. Tana da arha, har gobe ana yin ta, amma abin da ke tsirowa ɗan'uwan tabo ne, yakan zaizaye.

Sai Lars Peterson a Suwidin: ya ɗebi ɗan guringuntsin majiyyaci, aka raina ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji, ya mayar da su gwiwa. Shi da Mats Brittberg suka wallafa sakamakon mutum 23 a 1994. Wahalar ita ce ƙwayoyin a ruwa suke, dole a ɗinke su da tantanin da aka ɓare daga ƙashin ƙwauri, shi kuwa yakan yi tozo.

Nan kolajin ya shigo. Duk wanda ya ga romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare, ya san shi. Ana tsarkake shi a mai da shi siririn faifai mai ƙofofi, a ɗora ƙwayoyin a kansa, a yanka daidai ramin, a liƙa. Aikin azara yake yi a rufin soro: sai an shimfiɗa ta ƙasa ke samun wurin zama. Bambancin kawai, jiki yana cinye wannan azarar a hankali bayan ƙwayoyin sun kafu. A Disambar 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa mai suna MACI.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, MACI da makamancinsa Chondro-Gide na Suwizalan duk daga alade ake samo su. In majiyyaci ya ce, “Likita, da me aka yi shi?” ba na ɓoye masa, nakan ce ya nemi fatawar malaminsa kan lalura. Alhali ana yin na shanu, kamar Novocart na Jamus, mu kuma duk Juma'a karar Wudil cike take da shanu, fatarsu na tafiya majema da tukunyar ganda.

Faifan nan na rami ɗaya ko 'yan ramuka ne a gwiwar mai sauran ƙuruciya. Mutanenmu kuwa sai sun gama shafe-shafe da tsaga suke zuwa, gaɓa ta riga ta cinye. Wanda nake jira shi ne saurayin da ya gurɗe a filin ƙwallo ko ya faɗo daga babur, ya zo tun ramin bai wuce faɗin kwabo ba.