Ƙwallon da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya zai tuna mun haddace cewa sinadarin kabon kama biyu gare shi: lu'ulu'u da baƙin cikin fensir. Ashe tun watan Satumba na 1985 wannan karatu ya tsufa.

Harry Kroto na Jami'ar Sussex a Ingila yana binciken kabon da taurari ke fitarwa, amma na'urar da yake bukata tana Jami'ar Rice a Amurka, a hannun Richard Smalley. Robert Curl ne ya haɗa su. Ba a yi mako biyu ba suna ƙona baƙin fensir da hasken leza, sai suka lura ƙwayoyin zarra 60 na dunƙulewa wuri guda. Smalley ya yanka takardu ya lilliƙa a gida, sai ga siffar ƙwallon ƙafa, wadda faɗinta kusan kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

A 1996 malaman uku suka karɓi lambar Nobel. Ɗalibansu da suka yi ta fama da na'urar, Jim Heath da Sean O'Brien, ba su samu ba, domin ƙa'ida ta hana a wuce mutum uku. Ni kam wannan ƙa'ida tana ci mini tuwo a ƙwarya.