Daga gidan makiyayi zuwa Instagram: Abin da ya kamata a sani kan kiwon karnuka da hatsarin wallafa hotunansu

A daren 24 ga Fabrairun 2021, wasu matasa suka tare mutumin da ke zagayawa da karnukan mawaƙiya Lady Gaga a unguwar Hollywood ta birnin Los Angeles. Suka harbe shi a ƙirji, suka tsere da biyu daga cikin karnukan uku. Mutumin ya rayu, an dawo da karnukan bayan kwana biyu, kuma a Disambar 2022 kotu ta yanke wa wanda ya yi harbin shekara 21 a kurkuku. Abin lura shi ne 'yan sanda sun ce ɓarayin ba su san mai karnukan ba. Irin karen suka hango, wato buldog na Faransa, wanda ake sayar da kwikwiyonsa kan dubban daloli.

Wannan lamari ya nuna matsayin da kare ya kai a ƙasashen Yamma: haja ce mai tsada, wadda kasuwarta ta faro daga gidan mai kiwo ta ƙare a shafukan sada zumunta. Birtaniya na cikin ƙasashen da suka fi yin dokoki a kan wannan kasuwa, don haka abin da ya faru a can shi ne madubi mafi kyau na fahimtar batun.

Yadda kyan gani ya zama cuta

A shekarar 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan, domin yin rajistar asalin karnuka da tsara gasar baje kolinsu. Sannu a hankali aka rubuta wa kowane iri siffar da ake so ya kasance da ita, daga tsayin hanci zuwa lanƙwasar wutsiya. Domin a tabbatar da waɗannan siffofi, masu kiwo suka riƙa haɗa barbara tsakanin dangi na kusa, har uba da 'yarsa. Sakamakon haka shi ne cututtukan gado suka taru a cikin jinin wasu ire-iren.

Buldog da Pug, masu shafaffiyar fuska, suna fama da ƙuncin hanyar numfashi. Minsharin da mutane ke ɗauka a bidiyo suna dariya alama ce ta dabbar da ke wahalar shaƙar iska. Da yake kare da haki yake sanyaya jikinsa, waɗannan ire-iren sun fi saurin mutuwa saboda zafi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog ta hanyar tiyata ake yin ta, saboda kan kwikwiyon ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Shi kuwa irin da ake kira Cavalier King Charles ya yi ƙaurin suna wajen ciwon zuciya, da kuma wata cuta da ke samuwa idan ƙoƙon kai ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan.

A 2008 tashar BBC ta nuna wani shirin bincike mai suna Pedigree Dogs Exposed wanda ya fallasa wannan hali. Bayansa tashar ta daina haska gasar Crufts, babbar gasar karnuka ta ƙasar, kuma a 2009 Kennel Club ta daina yin rajistar 'yan kwikwiyon da aka samu daga haɗa iyaye da 'ya'yansu, ko 'yan uwa ciki ɗaya. Wasu ƙasashen sun wuce nan. Tun 2019 Holan ke aiwatar da ƙa'idar da ta hana kiwon karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kansa ba. A Oktoban 2023 Kotun Ƙolin Norwe ta tabbatar da cewa ci gaba da hayayyafar Cavalier ya saɓa wa dokar walwalar dabbobi ta ƙasar.

Duk da haka kasuwa ba ta ja baya ba. A 2022 buldog na Faransa ya zama irin da aka fi yi wa rajista a Amurka, inda ya kawar da Labrador wanda ya riƙe matsayin tsawon shekara 31. Ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Birtaniya sun daɗe suna kira ga masu talla da fitattun mutane da su daina amfani da hotunan irin waɗannan karnuka, domin hoton ne ke ƙara wa jama'a kwaɗayinsu.

Mene ne kiwo na amana?

Ƙa'idojin lasisi da suka fara aiki a Ingila a Oktoban 2018 sun zana iyaka. Duk wanda ya samar da haihuwa uku ko fiye a cikin wata 12 ya sayar, dole ya nemi lasisi daga ƙaramar hukumarsa. Ba a yi wa karya barbara kafin ta cika shekara ɗaya, ba ta haihuwa fiye da sau ɗaya a cikin wata 12, ba ta wuce haihuwa shida a rayuwarta, kuma wadda aka yi wa tiyata sau biyu an sallame ta ke nan. Ba a sayar da kwikwiyo kafin ya cika mako takwas, kuma wajibi ne a nuna shi ga mai saye tare da uwarsa. Tun Afrilun 2016 doka ta wajabta sanya wa kowane kare 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar da ke kai wa ga mai shi.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta nema. Mai kiwo na gari yakan ƙara da gwada lafiyar uwa da uba kafin haɗa su: hoton ƙashin ƙugu, duba ido da zuciya, da gwajin ƙwayoyin gado. Yana lura da ɗabi'a, domin karen da ke da tsoro ko saurin kai hari yakan gadar wa 'ya'yansa. Yana saba wa 'yan kwikwiyo da mutane da hayaniyar gida a makonninsu na farko. Yana yi wa mai saye tambayoyi fiye da yadda mai sayen ke yi masa, kuma yana karɓar karen idan riƙo ya gagara.

Kishiyar wannan ita ce abin da ake kira gonar 'yan kwikwiyo, inda ake tsare karnuka mata a keji suna haihuwa ba hutu. Wata karya mai suna Lucy da aka ceto daga irin wannan wuri a yankin Wales a 2013 ita ta zama tambarin gangamin da likitan dabbobi Marc Abraham ya jagoranta. Dokar Lucy ta fara aiki a Ingila ranar 6 ga Afrilun 2020. Ta haramta wa dillalai da shaguna sayar da kwikwiyo ko 'yar kyanwa da ba ta kai wata shida ba, sai dai a je wurin mai kiwon kai-tsaye ko cibiyar ceton dabbobi.

Idan gwamnati ta haramta iri guda

Batun kiwo ya taɓa tsaron jama'a. Dokar Karnuka Masu Hatsari ta 1991 ta haramta ire-ire huɗu, ciki har da Pit Bull. Bayan shekara 30 sai ga wani ƙaton iri mai alaƙa da shi, XL Bully, ya cika kasuwa, kuma aka danganta shi da jerin hare-haren da suka yi kisa. A Satumban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya sanar da haramta shi. Daga 31 ga Disambar 2023 kiwonsa da sayar da shi suka zama laifi a Ingila da Wales, kuma daga 1 ga Fabrairun 2024 mallakarsa ma sai da takardar izini, tare da takunkumi da igiya a bainar jama'a.

Masu goyon baya sun ce ran ɗan Adam ya fi komai. Ƙungiyoyi irin su RSPCA kuwa sun ce matsalar tana wurin mugun kiwo da mugun riƙo, kuma muddin ba a gyara su ba, masu neman kuɗi za su ƙirƙiro wani irin. A ganinsu tsuguno ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Abin da hoto ke faɗa a ɓoye

A lokacin kullen korona farashin 'yan kwikwiyo ya yi tashin gwauron zabo a Birtaniya. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2021 ya ba da rahoton cewa an kai wa 'yan sanda ƙarar satar karnuka kusan 2,000 a 2020. Daga bisani aka yi Dokar Sace Dabbobin Gida, wadda ta fara aiki a Agustan 2024 a Ingila da Ireland ta Arewa, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyar. Kafin nan, a idon doka satar kare daidai take da satar keke ko waya.

Hoto na iya zama jagoran ɓarawo ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce bayanan da waya ke liƙa wa kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF: rana, lokaci, samfurin waya, da wurin da aka ɗauka idan GPS a kunne yake. A 2014 wani malamin jami'a a jihar Florida, Owen Mundy, ya tattara hotunan kyanwoyi kimanin miliyan ɗaya da mutane suka wallafa, ya jera su a taswirar duniya, kowace a kusa da gidan mai ita, domin ya nuna girman sakacin. A yau Facebook da Instagram suna cire waɗannan bayanai daga hoton da jama'a ke gani, ko da yake kamfanin kansa ya riga ya karɓe su. Amma hoton da aka tura ta imel, ko a matsayin fayil a WhatsApp, yakan tafi da bayanansa cif.

Ta biyu ita ce abin da ido ke gani: lambar gida, launin ƙofa, lambar mota, da filin da ake kai karen kowace safiya. A Birtaniya wata doka ta 1992 ta wajabta rubuta suna da adireshin mai kare a abin wuyansa, don haka hoton da aka ɗauka daga kusa kan iya zama katin adireshi. Ga mai kiwo, sanarwar haihuwa tamkar shela ce cewa akwai dukiya a gidan.

Ta uku ita ce kalmar sirri. A 2021 Cibiyar Tsaron Intanet ta Birtaniya ta ce kashi 15 cikin 100 na mutanen da aka tambaya suna amfani da sunan dabbarsu a matsayin kalmar sirri. Wanda ya wallafa sunan karensa da ranar haihuwarsa ya rage wa mai kutse aiki.

Ta huɗu ita ce damfara. 'Yan damfara kan kwashi hotunan 'yan kwikwiyo daga shafin mai kiwo na gaskiya, su buɗe shafin bogi, su karɓi kafin alƙalami, sannan su biyo da kuɗin jigila da na allura, kare kuwa babu shi. A Afrilun 2022 kamfanin Google ya shigar da ƙara a Amurka a kan wani mazaunin Kamaru bisa zargin gudanar da irin waɗannan shafuka. Akwai kuma masu bibiyar cigiyar karen da ya ɓata, su kira mai shi su ce yana hannunsu, sai an biya.

Ina abin ya shafe mu?

A ƙasar Hausa an fi sanin kare da farauta, gadi da rakiyar garke, kuma malamai sun yi bayani a kan halaccin riƙe shi domin waɗannan buƙatu. Yankin Sahel ma yana da nasa irin, Azawak, siririn karen Abzinawa na iyakar Nijar da Mali, wanda ƙungiyar karnuka ta Amurka ta amince da shi a 2019. Sai dai taɓarɓarewar tsaro ta sa mazauna birane na sayen manyan karnukan waje irin su Boerboel da Rottweiler domin gadi, galibi ta shafukan sada zumunta. Hatsarin da ya fi girma a nan shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar karnuka. Kwikwiyon da aka saya ba katin allura ba ciniki ne mai arha ba. Haka nan, a inda ake satar mutane domin kuɗin fansa, hoton kare mai tsada a harabar gida ba karen kaɗai yake tallatawa ba.

Kafin a saya, kafin a wallafa

Mai saye ya je da ƙafarsa ya ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, ya nemi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi, kuma kada ya tura kuɗi a kan hoto. Idan ana shakka, a sa hoton a manhajar binciken hotuna ta Google, a ga ko ya taɓa fitowa a wani shafin. Mai wallafawa kuma ya kashe GPS na kyamararsa, ya rufe rubutun abin wuya, ya guji nuna gaban gida, ya jinkirta sa hoto har sai ya bar wurin, ya kuma raba sunan dabbarsa da kalmar sirrinsa. Idan kare ya ɓata, a ɓoye wata alama ta jikinsa daga cigiyar, domin da ita za a gane mai gaskiya idan waya ta yi ƙara.