Rabon Baƙo a Nazarin Zanen Rubens

Batun da zan gabatar shi ne yadda baƙi suka raya tarihin zanen yankin Flanders na ƙasar Beljiyam.

A shekarar 1718 gobara ta cinye zane 39 da Peter Paul Rubens (1577–1640) ya tsara wa rufin cocin 'yan ɗariƙar Jesuit a birnin Antwerp. Abin da ya tsira shi ne ƙananan zanen gwaji, su kuwa sun warwatsu a ƙasashe dabam-dabam. Saboda haka mai nazarin Rubens ba shi da makawa sai ya yi tafiya, tafiya kuwa sai da guzuri da masauki.

Ludwig Burchard, Bajamushen da ya yi hijira zuwa Landan a 1935, ya ƙarar da rayuwarsa yana tara hotuna da bayanai a kan Rubens. Bayan rasuwarsa a 1960 aka danƙa wa birnin Antwerp wannan taska, bisa sharaɗin a buga ta. Ita ce ta zama ginshiƙin cibiyar Rubenianum. Juzu'in farko ya fito a 1968, a kan waccan cocin da ta ƙone, kuma John Rupert Martin na Jami'ar Princeton ta Amurka ne ya rubuta shi.

Guzurin ma yana da nasa tarihin. Da rarar kuɗin agajin abinci na Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kafa gidauniyar ilmi ta Beljiyam da Amurka a 1920, wadda ta riƙa ɗaukar nauyin masu bincike tsakanin ƙasashen biyu.